Minti 15 aka ba ni, ni kuma silaid 43 na haɗa

Rukayya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma da gaggawa. Ranar Alhamis mai zuwa zan tsaya gaban kwamitin gudanarwa na wurin aikinmu in gabatar da sakamakon wani aiki da muka shafe wata tara muna yi, daga nan su yanke ko a ci gaba ko a dakatar. Minti 15 aka ba ni, sai minti 10 na tambayoyi. Na haɗa silaid 43 a PowerPoint, kuma duk wanda na ce zan cire sai in ji kamar yatsana zan gutsire. Jiya da daddare na gwada ni kaɗai a ɗaki, na kai minti 31 ban ga ƙarshensa ba. Ga shi ni ko a gaban mutum biyar aka ce in yi magana muryata rawa take yi. Ta ina zan fara?

Ɗan Audu: Wa'alaikumus salam. Na buga lissafin: daƙiƙa 21 kowane silaid zai samu. Ƙanwata, wannan ai ba gabatarwa ba ce, tseren gudu ne.

Rukayya: Yaya Ɗan Audu, ni kuka nake yi kai kana dariya.

Malam Bashir: Rukayya, rufe kwamfutar tukuna. Da gaske nake, rufe ta. Ɗauko takarda da biro ki amsa min tambaya ɗaya: idan kin gama kin koma kujerarki, me kike so mutanen nan su yi? Ban ce me kike so su sani ba, me kike so su yi. Rubuta shi cikin jimla ɗaya ki turo nan.

Abin da ya same ki shi ke samun kusan kowa. Kin buɗe PowerPoint kafin ki san abin da za ki faɗa, sai kika shiga zuba aikin yadda kuka yi shi: ga yadda muka fara, ga waɗanda muka gana da su, ga matsalar da muka ci karo da ita a wata na uku. Wannan tarihin wahalarki ne, shi ya sa kowane shafi yake da daraja a idonki. Su kuwa 'yan kwamiti hukunci suka zo yankewa, kuma ina kyautata zaton akwai wasu batutuwa huɗu ko biyar a ajandarsu ban da naki.

Rukayya: To Malam, ga shi: "Ina so in nuna wa kwamiti yadda muka gudanar da tsarin tura wa masu zuwa ganin likita saƙon tunatarwa ta waya, da ƙalubalen da muka fuskanta, da nasarorin da aka samu, da kuma hanyoyin da za a bi nan gaba."

Malam Bashir: Wannan jerin kanun rahoto ne. Babu wanda zai ji shi ya ce na yarda ko ban yarda ba. Gwada wannan: "Saƙon tunatarwa ya rage masu fashin zuwa da kaza cikin ɗari, don haka muna roƙon ku amince a ci gaba da shi na ƙarin wata shida." A gurbin "kaza" ki sa ainihin adadin. Da wannan jimlar za ki buɗe baki, kafin komai. Daga nan kowane silaid ki tambaye shi: kai, kana taimaka wa wannan jimlar? In ba ya taimakawa, ya koma baya. Ban ce ki goge ba, akwai ranarsa, za mu zo wurin.

Rukayya: Tun a farko in faɗi abin da nake roƙo? Na ɗauka ƙarshe ake ajiye shi bayan an kawo hujjoji.

Malam Bashir: In kika ajiye shi ƙarshe, minti 14 za su yi suna tambayar kansu ina yarinyar nan ta dosa. In kika faɗa tun farko, duk hujjar da ta biyo baya sun san inda za su rataye ta. Sannan manya suna katse mutum. Wanda ya ɓoye buƙatarsa a silaid na ƙarshe yakan fita daga ɗakin bai faɗe ta ba.

Nura: Anti Rukayya, akwai wata ƙa'ida ta Guy Kawasaki, wanda ya taɓa aiki da Apple, ana ce mata 10/20/30: silaid 10, minti 20, girman rubutu kada ya gaza 30. Ni da ita nake aiki. Amma abin da ya fi muhimmanci shi ne tsayuwarki da muryarki. Bincike ya tabbatar kashi 7 cikin ɗari kacal na saƙo ke cikin kalmomi, 38 a murya, 55 a fuska da motsin jiki. Saboda haka kada ki wahalar da kanki kan abin da za ki ce, ki mai da hankali kan yadda za ki ce shi.

Malam Bashir: Nura, rabin farko na karɓa, rabin na biyu kuwa a'a. Waɗannan alƙaluman daga gwaje-gwajen Albert Mehrabian suka fito, a 1967. Kalma ɗaya tal ake furta wa mutane da muryoyi daban-daban, wani zubin a haɗa da hoton fuska, a tambaye su ko mai maganar yana son wanda yake yi wa magana ko ba ya so. Wato batun yanayin zuciya ne a lokacin da kalma da fuska suka saɓa wa juna. Shi kansa mutumin ya yi gargaɗin kada a shimfiɗa sakamakon a kan kowace irin magana. Ka auna da hankalinka ma: in kalmomi kashi 7 ne, ai da za ka saurari lacca da Japananci ka fahimci kashi 93.

Nura: Malam, a wani horo aka koya mana, har da satifiket aka ba mu.

Ɗan Audu: Satifiket ɗin ma kashi 7 ne.

Injiniya Kabiru: Ni ra'ayina ya fi na kowa tsauri a nan. Silaid ɗin ne matsalar, ba yawansu ba. A 2004 Jeff Bezos ya hana amfani da PowerPoint a tarukan manyan shugabannin Amazon. Mai gabatarwa zai rubuto bayani cikin cikakkun jimloli, shafi shida, a zauna shiru a farkon taro kowa ya karanta, sannan a fara magana. Hikimar ita ce, a silaid kana iya jera kalmomi uku-uku da ɗigo a gabansu ka wuce, babu wanda zai gane cewa kai ma ba ka san yadda na farko ya haɗu da na biyu ba. Cikakkiyar jimla kuwa sai ka sa "saboda" da "amma" da "don haka", kuma nan ne tunanin da bai nuna ba yake tona kansa.

Ga misalin da ba na mantawa. Kumbon Columbia ya tarwatse ranar 1 ga Fabrairu, 2003, mutum bakwai suka mutu. Tun lokacin tashinsa wani ɓallin soso daga tankin mai ya bugi fiffikensa na hagu. Kumbon na sama injiniyoyi suka gabatar wa manajojin NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, da nazarinsu a silaid. Daga baya Edward Tufte, masanin tsara bayanai a zane, ya ɗauki ɗaya daga cikinsu ya feɗe shi: kanun da ke sama mai kwantar da hankali ne, amma can ƙasa cikin ƙananan rubutu aka ambaci cewa ɓallin da ya bugi kumbon ya ninka wanda aka yi gwaji da shi sau ɗaruruwa. Wato gwajin ma bai shafi abin da ya faru ba. Kwamitin da ya binciki hatsarin ya soki yadda hukumar ta dogara da silaid a madadin cikakken rahoton fasaha. Rukayya, da ni ne, takarda shafi biyu zan rubuta in raba musu, in yi maganata.

Hajiya Mairo: Injiniya, sannu da ƙoƙari, amma yarinyar nan ba ita ke da kamfanin ba. Bezos ya canza dokar ne don shi ne mai gida. Ita an ce ta zo da silaid, in ta shiga ta ce wa shugabanninta kowa ya yi shiru ya karanta takarda, ai ta kashe kanta. Labarin Columbia kuma, in ka duba da kyau, laifin wanda ya binne magana mafi muhimmanci a ƙasan shafi ne ya ɗora mai daɗi a sama. Mai irin wannan hali ko a takarda ka ba shi zai binne.

Darasin da za ta ɗauka shi ne kanun kowane silaid ya zama cikakkiyar magana. Kada ta rubuta "Sakamako" ko "Ƙalubale". Ta rubuta "Masu fashin zuwa sun ragu tun daga wata na biyu", sai zane ɗaya a ƙasa da ke nuna hakan. Wanda hankalinsa ya tafi wayarsa ya dawo, kallo ɗaya zai yi ya kamo zaren.

Injiniya Kabiru: Hajiya, na sallama kan kanu. Amma takardar shafi ɗaya ba za ta cutar ba.

Hajiya Mairo: Shafi ɗaya na yarda. Ta tura musu kwana ɗaya kafin taron, ko ta raba bayan ta gama. In ta raba tana cikin magana, ƙeyoyinsu kawai za ta riƙa gani.

Dakta Safiya: Bari in ƙara wa Hajiya ƙarfi. Ba a taunar taura biyu lokaci guda. Karatu da sauraron magana duk harshe ne, kuma ma'ajin da ƙwaƙwalwa ke riƙe abu na ɗan lokaci ƙarami ne. Richard Mayer da John Sweller sun daɗe suna gwaje-gwaje a kan wannan: idan aka nuna zane ana bayaninsa da baki, sannan aka ƙara rubuta irin maganar a allo, fahimta kan ragu maimakon ta ƙaru. Kuma ido ya fi baki sauri. Kafin ki gama karanto layi na biyu sun kai na bakwai, sun zauna suna jiran ki.

Rukayya: Na zauna na tace. Saura 14. Malam Bashir, wallahi har da wanda na kwana biyu ina yi wa ado na cire. Yanzu maganar muryata fa? Ita ce ta fi damuna.

Hajiya Mairo: 'Yata, na yi shekaru ina aikin rediyo, kuma ban taɓa ganin wanda aka haifa da gwanintar nan ba. Maganin rawar murya bita ne, amma ba irin bitar da kuke yi ba, ta zama a gado ana latsa kwamfuta ana cewa "nan zan ce kaza" a zuci. Zuciya ba ta tuntuɓe, harshe ke yi. Tashi tsaye, ɗaga murya kamar suna gabanki, sa agogo, jingina wayarki a kan tebur ta ɗauke ki. Kallon farko za ki ji kunya kamar ki nutse. Daure ki kalla har ƙarshe da biro a hannu. Za ki ga kina murza zobe, za ki ji kin ce "wato" sau talatin, za ki ga inda kika juya wa mutane baya kina yi wa bango bayani. Babu wanda zai gaya miki waɗannan, wayar ce kawai ba ta jin nauyinki.

Sannan ki rubuta jawabin gaba ɗaya, kalma da kalma, yadda za ki faɗe shi da baki, ba yadda ake rubuta rahoto ba. Duk jimlar da numfashinki ya ƙare kafin ta ƙare, raba ta biyu. Ki ja layi a inda za ki dakata. Ki maimaita har ya zauna. Kuma minti 12 za ki shirya, ba 15 ba, don ranar taro lokaci yana da inda yake zurarewa.

Malam Bashir: Hajiya, duk na bi ki sai wuri ɗaya. Hadda ba ta da amana a irin wannan wuri. Ni ganau ne. Ina sabon malami aka tura ni wani taron ƙara wa juna sani, na haddace maƙalata tas, har waƙafi. Ina cikin zuba kamar famfo, wani ya shigo a makare ya ja kujera ta yi ƙara. Na ɗaga kai na dube shi, na dawo, babu. Jimlar da ke gaba ta ɓace, kuma da yake kowace jimla a wutsiyar ta gabanta take rataye, duk sauran suka bi ta. Na tsaya ina kallon mutane suna kallona. Sai da na koma farkon sakin layin na sake ɗaukowa kamar ɗan firamare. Har yau in na tuna sai in ji zufa a bayan wuyana. Tun daga ranar hanya nake haddacewa, ba kalmomi ba: daga nan zan je nan, daga can in sauka can. In na faɗi, na san tashar da zan hau.

Hajiya Mairo: Malam, abin da ka yi rabin hadda ne. Wanda ya haddace abu har ya zama nasa, jan kujera ba ya kayar da shi. Kuma ni ban ce ta karanto musu kamar ɗalibi ba. Rubutun don ta gano kalmomin da suka dace ne tun a gida, kada ta tsaya lalubensu a gaban mutane. Steve Jobs da ake ta yabo, ranar da ya fito da iPhone, 9 ga Janairu, 2007, kwanaki ya yi yana bita a kan dandamalin. Abin da mutane suka gani kamar hira, aiki ne aka sha.

Malam Bashir: To ai a wannan ranar ce na'urar canza silaid ta ƙi aiki a hannunsa. Me ya yi? Ya saki jawabin ya kama ba da labarin wata na'urar da abokinsa Wozniak ya ƙera suna samari, mai hargitsa hoton talabijin, har aka gyara. Mai hadda zalla ba zai iya wannan ba. Kuma ita kwana biyar gare ta, ga aikin ofis. Ba za ta kai irin haddar da kike nufi ba, a rabi za ta tsaya, wurin da ni na faɗi.

Hajiya Mairo: Ya iya ne don ya san jawabinsa ciki da bai, bai ji tsoron sakinsa ba. Hujjata ka kawo, Malam.

Ɗan Audu: Manya na faɗa, Rukayya na tsufa.

Dakta Safiya: Bari in shiga tsakani. Rukayya, haddace jimloli uku na farko da biyu na ƙarshe, kalma da kalma, kamar yadda Hajiya ta ce. Tsakiya ki bi hanyar Malam, amma ki san jimlar da za ta tsallakar da ke daga kowane silaid zuwa na gaba, don a mahaɗa ake yawan faɗuwa. Dalilin haddace farko shi ne minti ɗaya ko biyun farko ne fargaba ta fi tsanani.

Abin da kike ji a jikinki ba ciwo ba ne. Sinadarin adirenalin ne: zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya koma sama-sama, yawu ya ƙafe, tsoka ta ɗaure, har da ta maƙogwaro, shi ya sa murya ke rawa. Kafin a kira ki, ja numfashi ta hanci, ki sake shi a hankali ya fi shigarsa tsawo, sau biyar ko shida. Fitar da numfashi a hankali yana sassauta bugun zuciya. Ki ajiye ruwa kusa.

Abu biyu kuma daga bincike. Alison Wood Brooks ta jami'ar Harvard ta wallafa wani nazari a 2014: waɗanda aka sa su ce wa kansu suna ɗoki kafin su yi jawabi sun fi waɗanda aka sa su ce hankalinsu a kwance yake yin jawabi mai kyau. Jiki a tashe yake ko ta yaya, ya fi sauƙi ki canza wa tashin suna da ki ce sai kin kwantar da shi. Na biyu, wasu masu bincike, Savitsky da Gilovich, sun nuna a 2003 cewa masu jawabi suna zaton fargabarsu ta fito fili fiye da yadda masu kallo suke ganinta a zahiri. Ke kike jin bugun zuciyarki, su ba sa ji. Don haka kada ki buɗe da "ku yi haƙuri, ban saba ba". Da bakinki za ki nuna musu abin da ba su lura da shi ba.

Ɗan Audu: Ni dai shawarata ki fara da barkwanci. In suka yi dariya kin gama da su.

Hajiya Mairo: In ba su yi ba kuma sun gama da ita. Ɗan Audu, bar yarinya. Mai rawar murya ba ta buɗe taro da caca.

Injiniya Kabiru: Tunda an ƙi shawarata ta farko, ga wadda ba za a ƙi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ki shiga ɗakin taron ranar Laraba ki jona kwamfutarki da majigin da idonki. Ki duba bakin wayar: wani HDMI ne, wani tsohon VGA, kwamfutoci da yawa na yanzu kuma USB-C kawai gare su, sai da mahaɗi. Ki je kujerar ƙarshe ki zauna ki ga ko rubutun yana karantuwa. Launin da ya yi kyau a kwamfuta yakan koɗe a bango, musamman ruwan ɗorawa a kan fari. Kada ki bambanta layuka biyu da ja da kore kawai, akwai masu matsalar rarrabe su, kuma ta fi yawa a maza. Ki ajiye kwafi a filashi, wani a imel, ki kuma mayar da shi PDF don rubutu kada ya wargaje a kwamfutar wani. Ki kashe sanarwar WhatsApp da ta imel. Na taɓa zama a taron da saƙon matar mai gabatarwa ya faɗo a allo gaban kowa, ba zan faɗi abin da ta rubuta ba.

Dabaru biyu a PowerPoint. In kika danna B allon zai yi baƙi, idanu su dawo kanki, ki sake dannawa ya dawo. Yi amfani da shi lokacin da za ki faɗi buƙatarki. Na biyu, silaid ɗin da kika cire ki jera su bayan na ƙarshe, ki rubuta lambobinsu a 'yar takarda. In aka yi tambaya, buga lambar ki danna Enter, zai kai ki kai tsaye, ba sai kin yi ta wucewa ɗaya bayan ɗaya mutane na kallo ba.

Malam Bashir: Ranarsu da na ce ke nan. Injiniya ya riga ni.

Rukayya: Allah Ya saka da alheri. Na yi bita sau huɗu da waya. Hajiya, ba "wato" nake cewa ba, "to shi ne" nake cewa, na ƙirga 26. Yanzu silaid tara, minti 13. Saura tambayoyi. Akwai wani a kwamitin, mai kula da kuɗi, tun farko bai so aikin ba.

Malam Bashir: To je ki same shi kafin Alhamis. Ki ce, ranka ya daɗe, zan gabatar da abu kaza, na zo in ji abin da kake ganin ya kamata in amsa. Ko bai sauko ba, kin ji tambayarsa a ofis maimakon ki fara jin ta a gaban jama'a. Mutum kuma in an nemi ra'ayinsa a keɓe, kaifinsa yakan ragu a fili.

Sannan zauna ki rubuta tambayoyi biyar da kike addu'ar kada a yi miki. Su za a yi. Ki amsa kowace da baki, a tsaye, cikin rabin minti. Ranar taro ki bari mai tambaya ya kai aya, kada ki tare shi don kin hango inda ya nufa. In ba ki da amsa, ki ce ba ni da wannan adadin a nan, zan turo maka kafin a tashi aiki gobe, kuma ki tura. Kada ki ƙirƙiro lamba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, mai kula da kuɗi kuwa aikinsa ke nan tono.

Nura: Wani abu kuma Anti, in kina magana ki riƙa kallon saman kawunansu, ba za ki ji tsoro ba.

Hajiya Mairo: A babban zaure wataƙila. A ɗakin mutum takwas za su ɗauka wani abu ne ke yawo a silin. Ki kalli mutum ɗaya ki gama jimla, ki koma kan wani. Fara da wanda fuskarsa ta fi sakewa.

Rukayya: Jama'a, na fito. Bari in ba ku labari tun da zafinsa. Jimlolin farko sun fita lafiya, duk da ƙafata tana kaɗawa a bayan tebur. Ina silaid na uku, minti huɗu ko biyar da farawa, shugaban ya ɗaga hannu ya ce, mun gane yana aiki, nawa zai ci? Na ji cikina ya juya, don wannan a silaid na takwas yake. Na buga 8 na danna Enter. Daga nan ba a sake komawa kan tsarina ba, tambaya ce ta bi tambaya. Silaid na huɗu da na biyar da na shida babu wanda ya gan su. Mai kula da kuɗin ya yi tambayar da ya yi min a ofis ranar Talata, kusan kalma da kalma, amsar kuma tana lamba 17 cikin waɗanda na jera a baya. Ɗaya ce ta kama ni: wata ta tambayi mutum nawa ne lambar wayarsu ta daina aiki a tsawon watannin. Na ce ba ni da shi, zan turo gobe. Sun amince da wata uku, ba shida ba, sai na kawo wannan adadin a sake dubawa.

Hajiya Mairo: Barka 'yata. Muryar fa?

Rukayya: Ta yi rawa a farko. Da muka fito na tambayi abokiyar aikina, ta ce ita ba ta ji komai ba, sai dai na yi sauri.

Malam Bashir: Madalla. Hajiya, a lura: an katse ta a minti na huɗu. Da hadda ta yi, da yanzu wani labarin muke ji.

Hajiya Mairo: A kuma lura da abin da ya kai ta minti na huɗun lafiya. Rukayya, saurin nan za mu gyara kafin wata ukun su cika. Turo min bitarki ta ƙarshe da kika ɗauka, in ji inda kike haɗiye ƙarshen jimla.

Injiniya Kabiru: Silaid 43, aka rage zuwa tara, aka kalli shida. Ni dai ban ce komai ba.

Rukayya: Bakwai, Injiniya, har da lamba 17. Hajiya, zan turo da daddare, yanzu ina neman adadin lambobin wayar nan ne.